Ƙullin Hajiya Barira Ba Zai Hau Jirgi Ba

Masu karatuna, sannunku da jimirin bibiya. Ku da kuka yi ta zubo mini saƙo kuna cewa Hamdiyya ta cika taurin kai, yau ku gyara zama, don zan ƙara muku hujja da hannuna. Amma gara in faɗa tun yanzu: ban yi nadama ba.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, ni ce Hamdiyyar, ungozoma a wata ƙaramar matarnite, wato asibitin haihuwa, nan cikin Konni. Shekara biyu ina cika takardu ina kaiwa buro, ofis bayan ofis, ana ce mini in dawo, har Allah ya sa sunana ya fito cikin waɗanda za a tura sitaj, wato horon aiki, na wata shida a Kazablanka ta ƙasar Maroko. Jirgina zai tashi daga Yamai ranar Asabar, kwana tara kafin Babbar Sallah. Sai kuma Almoustapha, ɗan Tsarnawa mai shagon kayan salula a kasuwar Konni, wanda manya suka tsayar da cewa ranar Alhamis za a sa mana rana, don in tafi da magana a hannu. Ina sonsa, kada wani ya yi mini wata fassara. Mutumin da ya taɓa tura babur ɗinsa da ƙafa tun daga tasha har ƙofar gidanmu, mai ya ƙare masa, don kawai ya ce zai zo da la'asar, ba a son irinsa da wasa.

Ranar Litinin ɗakina ya koma kamar shagon gwanjo. Walis biyu, akwatunan tafiyata, a buɗe kan gado, abayoyi huɗu, atamfofina uku da tela ya kawo da safe, rigar sanyi da na saya ban ma san ko za ta yi amfani ba, ga littattafaina da Inna ke ta cewa in rage, wai ba karatun soyayya aka tura ni ba. Kilo ashirin da uku-uku aka ba ni, na aro ma'auni wurin mai hatsi na maƙwabta ina ɗorawa ina saukewa. Tun da labari ya bazu cewa zan hau jirgi, kowa ya tuna yana da ɗan'uwa a Maroko. Wannan ta kawo yaji, waccan turaren wuta, duk a leda, ina gani ina jerawa.

Da hantsi na ji tsayuwar babur ɗin Almoustapha. Na yi maza na saka doguwar rigata ruwan toka, na yafa farin gyale, na ɗan goga kwalli. Ya shigo zaure da shadda ruwan ƙasa da hular da na saya masa, rungume da wani ƙulli kamar ƙaramin matashi. An naɗe shi da farin buhu, an ɗinke bakin da zaren roba tsaf, an rubuta sunan Lauratu a jiki da baƙin alƙalami. Lauratu yayarsa ce, tana aure a Kazablanka shekara shida, da ’ya’ya uku. Ya ce saƙon mahaifiyarsa ne, Hajiya Barira, na Sallar jikokinta.

Inna ta karɓa da hannu biyu har tana ɗan rusunawa, kamar Hajiyar ce tsaye a gabanta. Kun san yadda abin yake a wurinmu. Saƙon da aka ɗinke ba a tambayar abin da ke ciki, ba a matsa shi, ba a shinshina shi. Ka kai shi yadda aka ba ka, mai shi ya ga ɗinki bai motsa ba, ya san ɗan mutunci ya kawo. Balle saƙon uwar wanda za ka aura. Ni kuma na ɗora shi kan ma'auni, kilo huɗu da ɗan ɗori, na cire littattafai biyar na ba shi wuri. Ku shaida, littattafaina na cire saboda shi.

Da azahar ina kwance ina sake duba takardun da ajans ɗin tafiye-tafiye ta turo mini tare da biye, wato tikitin jirgi, sai na tsaya kan shafin kayan da aka hana. Hotuna ne jere, an ja wa kowane jan layi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, don ni ko takardar cikin kwalin magani sai na karance ta. Kayan wasa mai batir, a jakar hannu. Bindigar roba mai kama da ta gaske, ba za ta shiga wurin zama ba, sai an nuna ta tukuna. Balan-balan ba laifi in ba a hura ba. Amma duk abin da ke da hodar fashewa, komai ƙanƙantarsa, ko na wasan yara ne, ko na biki, ba ya hawa jirgi, ba a hannu ba, ba a walis ba. A ƙasa kuma an rubuta tambayoyin da za a yi mini wurin awon kaya: ke kika haɗa kayanki da kanki? Akwai wanda ya ba ki wani abu ki kai masa?

Na ɗaga kai na dubi farin ƙullin nan. Na ce a raina, kuka ce da daddawa, Hamdiyya, kada ki ɗauko wa kanki magana.

Ko minti goma ba a yi ba salulata ta yi ƙara. Bokal ne, saƙon murya, daga Lauratu, na minti biyu. Ta gaishe ni, ta kira ni amaryarsu, ta ce za ta zo filin jirgi da kanta. Can wajen ƙarshe tana dariya ta ce yara sun hana ta sakat tun da aka ce masu nokawut na tahe, wai bana za su nuna wa ’ya’yan maƙwabta yadda ake Sallah a Konni.

Nokawut. Ɗan abin nan da yara ke ƙyastawa a jikin kwalin ashana su jefar, ya tashi da ƙara har akuya ta tsinke igiya. Sau uku na saurari wurin. Sannan na yi abin da ba a yi: na kai hancina jikin buhun. Daddawa ta fara dukana, amma a bayanta akwai wani wari siriri, irin na kan ashana.

Na rubuta wa Almoustapha: “Me ke cikin ƙullin nan?”

Ya amsa nan take: “Kayan miya da tarkacen yara. Innata ta haɗa abinta, ni ban duba ba.”

“Yaya Lauratu ta ce akwai nokawut.”

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Can sai ga shi: “Ko da akwai, abin wasan yara ne fa, sarauniya. Ki tura shi tsakiyar tufafi. Wa zai kwance buhun daddawa?”

Na tura masa hoton shafin, na zagaye wurin da ja. Ya turo mini fuskar dariya uku, ya ce karatu ya yi mini yawa. Ya ce abokinsa ya sha wucewa da abin da ya fi wannan, kuma in aka tambaye ni in ce ni na haɗa kayana, magana ta ƙare. Na ce masa na'ura ake saka kaya, ba hanci ake sawa ba. In ta nuna, ni za a ja gefe, sunana ne jikin walis, jirgi ya tashi ya bar ni da jandarma ina rantsuwa. In ma ba ta nuna ba, mutum ɗari da wani abu ne za su zauna a saman wannan hodar. Abin da ya rubuto na ƙarshe shi ne: “Don Allah kada ki kunyata ni wurin Innata, saura kwana uku.”

Na fita tsakar gida na tarar da Inna tana tankaɗen gari ƙarƙashin dogon yaro. Na kunna mata bokal ɗin, na karanta mata dokar da Hausa. Ta ci gaba da buga rariya. Can sai ta rage murya, ta ce abin mai sauƙi ne. In kawo mata ƙullin ɗakinta, ta warware ɗinkin a hankali, mu zare abin, ta mayar da zaren ta ramukan da ya fito. Ta ce ta yi shekara ashirin tana ɗinkin hannu, ko wanda ya ɗinke shi ba zai gane ba. In Lauratu ta nema ba ta gani ba, sai a ce ’yan duwan masu binciken kaya suka cire.

Masu karatu, na san rabinku kun ce Inna ta kawo shawara. Ni ma sai da zuciyata ta kwanta da ita na ɗan lokaci. Ba faɗa, ba ɓacin rai, Alhamis ta zo a raba goro. Amma sai na hango kaina. Na shiga gidan mutane da satar kwance ƙulli, na gaishe da Lauratu a filin jirgi da ƙarya a bakina, sannan duk tafiyar da zan yi nan gaba a sake miƙo mini wani buhun, tun da an ga na farko ya wuce lafiya. Na ce wa Inna ba zan ɗauka a rufe ba, ba zan buɗe a ɓoye ba. Wurin mai shi zan mayar, a buɗe a gabanta.

Rariyar ta faɗi cikin kwano. “Ke, Hamdiyya, gidan surukai za ki tahi ki ce a kwance maki ƙulli? Tun ba a sa rana ba?”

Na ce gara tun ba a sa ba.

Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta tuna mini ’yan matan unguwa da suke jiran su ji an fasa. Da Baba ya dawo daga masallaci ta kai masa ƙara tun bai cire takalmi ba. Baba, Malam Labo, tsohon direban babbar mota ne, ya san abin da ake nufi da a kama ka da kayan da ba naka ba a kan iyaka. Ya saurare mu duka, ya karɓi salulata ya nisanta ta da idonsa ya dubi hotunan. Bai ce in tafi ba, bai ce kada in tafi ba. Cewa ya yi kawai, in zan shiga gidan manya in shiga da ladabi, kuma abin da ya biyo baya in shirya ɗaukarsa da kaina. Inna ta ce shi ke ɓata ni.

Talata da safe na saka atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na zumbula hijabi har ƙasa, na cire ɗan kunnen da ke lilo na saka ƙanana. Ban shafa komai a baki ba. Na rungumi ƙullin na shiga motar Tsarnawa. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, gonaki duk mutane sun duƙa suna shuka, wata tsohuwa kusa da ni tana ta ba ni labarin ciwon gwiwarta, ni kuwa ina ta maimaita abin da zan faɗa. Sai da muka kusa na rubuta wa Almoustapha: “Ina hanyar gidanku.” Ya kira sau huɗu. Ban ɗauka ba.

Na tarar da Hajiya Barira a rumfar tsakar gida kan tabarma, tana ɓarar gyaɗa, ga ƙanwarta da wata maƙwabciya. Mace ce doguwa, mai farin gashi a goshi, ba ta da yawan dariya. Na durƙusa har ƙasa na gaishe su, aka tambayi mutanen gida, aka kawo mini ruwa. Idonta na kan buhun tun shigowata.

“Ɗiyata, kaya sun yi maki yawa ne?”

Na ce a'a. Na sunkuyar da kai na yi bayani yadda na tsara: dokar masu jirgi, tambayar da za a yi mini, abin da Yaya Lauratu ta faɗa. Na ce ina roƙon a buɗe a gabanta, abin da zai wuce in kai shi da hannuna har ɗakin ’yarta, abin da ba zai wuce ba ya zauna.

Maƙwabciyar ta kama haɓa. Ƙanwar ta ce yaran yanzu in sun yi lakwal, sun ɗanɗana boko, sai su ce za su koya wa uwarsu ɗaurin zane. Hajiya ba ta ɗaga murya ba, kuma wallahi da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce shekara talatin tana aika saƙo, an kai mata Abijan, an kai mata Makka, ba a taɓa dawo mata da ƙulli ba. Ta lissafa abin da ta zuba da hannunta: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, cuku, hulunan yara, tabarau na roba, balan-balan, da usur guda uku. Ta ce in akwai wuta a cikin usur to yau za ta gani.

Daidai nan babur ya tsaya a waje. Almoustapha ya shigo ba hula, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya gaishe da uwarsa a tsaye, ya juyo gare ni yana murmushin da bai kai ido ba, ya ce in taso mu yi magana a zaure, ƙaramin abu ne, shi zai gyara. Ya miƙa hannu zai ɗauki buhun. Hajiya ta ɗora tafinta a kai.

“Bar shi nan. An ce ba a yarda da ƙullina ba, to a gani.” Ta laluba ƙarƙashin tabarma ta zaro reza ta ajiye a gabana. “Yanke da hannunki. Amma ki sani, in kinka yanke ba ki iske komi ba, ni da ƙahwata ba ni taka gidanku ran Alhamis.”

Ya ce, “Hamdiyya, kada ki yanke.” A hankali ya faɗa, irin muryar da yake kirana da ita a waya.

Na tuna Inna da goron da ta riga ta aika a sayo. Na tuna bokal ɗin, na ce to in Lauratu wasa take yi fa? In warin da na ji na daddawa ne kawai? Amma na riga na zo, kuma ko an mayar da ni gida sau goma wannan hanyar zan sake biyowa. Na yi bisimilla na saka reza.

Zaren ya tsinke ɗaya bayan ɗaya. Kuka ta fito, daddawa ta fito, hulunan yara masu kyau ja da kore. Hajiya na ƙirga su da ido, ƙanwarta na cewa to, to, sai me kuma. Balan-balan, tabarau, usur uku. Har yanzu ba nokawut. Saura baƙar leda ɗaya a can ƙasa, an naɗe ta da salatif, an cusa ta cikin ledar kuɓewa.

Hajiya ta ce, “Waccan ba tawa ba ce.”

Na yaga ta. Kwalayen nokawut shida suka zubo kan tabarma, da dunƙulen sandunan tartsatsi, da ƙaramar baƙar bindiga mai harsashin hoda, wadda in ka hango ta daga nesa ba za ka ce ta wasa ba ce.

Hajiya ta ɗauki kwali ɗaya ta kai kusa da idonta, ta ajiye. Ba ni ta duba ba.

“Almoustapha, wa na ba kayan ga ya kai tasha a ɗunke?”

Ya shafa ƙeya. Ya ce shi ne. Ya ce yaran ne suka roƙe shi a waya, ya yi musu alkawari, kuma ya san in ya faɗa mini zan ƙi, shi ya sa ya saka cikin na mahaifiyarsa, don ya san nata ba mai taɓawa. Har da ’yar dariya ya ƙara, wai abin bai kai a tara masa jama'a ba.

Ni a lokacin ba fushi na ji ba. Lissafi kawai na shiga yi. Jiya ya rubuta mini bai duba ba. Ya san dokar, na tura masa da jan zagaye. Ya zaɓi ya ɓuya bayan uwarsa, ya tura ni gaban na'ura da sunana a jikin walis, kuma da an kama ni, da har yau ina zargin wannan tsohuwar da ba ta san komai ba.

Hajiya ta aika ƙanwarta ta ɗauko basilla da zare. Ta tura ledar ɗanta gefe da bayan hannu, kamar wadda ke kawar da ƙazanta, ta ce in mayar da sauran da kaina, in ɗinke da hannuna, don in an tambaye ni a Yamai in amsa da gaskiya. Ina ɗinki tana riƙe mini bakin buhun. Ba ta ba ni haƙuri ba, ban kuma jira ba. Da zan tafi ta cika mini leda da gyaɗa ta ce in gaida Inna, in ce mata tana nan tahe ran Alhamis. Shi kuwa tuni ya fice, ko rakiya babu.

Ina cikin mota muna wuce gonaki saƙonsa ya shigo, dogo. Ya ce na tozarta shi gaban uwarsa da maƙwabta, yanzu duk Tsarnawa za ta ji. Ya ce matar da ba ta iya rufa wa mijinta asiri kan abin wasan yara ba, bai san me za ta yi kan babban abu ba. Ya ce zaɓi biyu ya ba ni: ko in kira shi kafin magariba in ba shi haƙuri, ko ya sa kawunsa ya zo wurin Baba a ɗaga sa ranar.

Na karanta sau biyu. Na jira in ga ko akwai layi ɗaya da ya ce ya yi kuskure, na ja sama, na ja ƙasa. Babu. Hawaye ya zubo mini, ban hana shi ba, na goge da bakin hijabi. Ina sonsa har a wannan minti da nake rubuta muku, kuma wannan ne abin da ya fi ciwo.

A ƙofar gidanmu na tsaya, ƙullin a hammata, ina jiyo Inna a ciki tana gaya wa maƙwabciya irin lemon da za a saya na Alhamis. Na buɗe salula na rubuta masa kalma biyu.

“A ɗaga.”

Na tura. Alamar ya karanta ta fito nan take. Ban kai ga mayar da salular jaka ba na ji ta Baba ta fara ƙara a cikin zaure, na ji ya yi gyaran murya ya amsa sallama, ya gaida kawun Almoustapha, ya saurara. Can ya ce, “To, ga ta nan ta shigo. Bari in ji daga bakinta.”